Horar da malaman firamare kan fasahar zamani: inda ake yawan kuskure

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a sayo kaya kafin a shirya malami. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin One Laptop per Child (kwamfuta ɗaya ga kowane yaro), amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka (IDB) ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi da karatu ba. Yara sun ƙware a danne-danne, koyarwa kuwa tana nan yadda take. Kuɗin horo da bibiya a ware su tun kafin a yi odar na'ura.

Sai bitar kwana biyu a babban zaure. A koya wa malamai buɗe Word da shirya PowerPoint, a ba su takardar shaida, a watse. Ranar Litinin malamar aji biyu ta tsaya gaban yara, darasinta sautin haruffa ne, kuma ba wanda ya nuna mata inda na'urar za ta shigo. Gyaran shi ne a fara daga manhajar karatu: kowa ya zo da darasin da zai koyar mako mai zuwa, a gina shi tare, ya gwada a gaban abokan aikinsa. Bayan nan mai horarwa ya bi shi har aji, ya zauna a baya, su tattauna bayan an tashi. Wannan bibiyar ce aka fi tsallakewa, don ba ta ɗaukar hoto mai kyau a rahoto.

Ana kuma horo kamar wuta da intanet ba sa yankewa. A koya wa malami sauke bidiyo tun da wuri, da amfani da manhajar kwamfuta irin Kolibri mai aiki ba intanet, da yadda zai koma kan allo da alli idan batir ya mutu a tsakiyar darasi.

Tafiyar da aji ma ana mantawa da ita. Yara huɗu a kan na'ura ɗaya, mai ƙarfinsu zai riƙe ta har a tashi, sai an tsara karɓa-karɓa.

A sa shugaban makaranta cikin horon. In ba haka ba, tsoron kada a fasa zai sa ya kulle kayan a sito.