Yadda Ake Gane Ƙwaƙwalwar Mota Ta Mutu, Da Yadda Ake Canza Ta

A garejin Katsina, da zarar mota ta ƙi tashi kuma rewaya ya laluba bai ga komai ba, sai ka ji an ce, "Alhaji, birenbos ne." Birenbos ita ce ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Maganar tana da nauyi a aljihu, kuma sau da yawa ƙwaƙwalwar da aka yanke wa hukunci lafiyarta ƙalau. Aikinta shi ne karɓar rahoto daga sansoshi (ƙananan na'urorin da ke auna yanayin inji), ta ƙayyade man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Duk abin da ya tsinke mata lantarki ko rahoto zai sa ta yi shiru kamar ta mutu. Shi ya sa ba a fara zarginta sai an wanke kowa.

Fara da ido. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka yi kik. Ya kamata wutar cek, mai hoton inji, ta kama tare da sauran. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, alama ce ƙwaƙwalwar ba ta farka ba, kuma yawanci rashin wuta ne ya hana ta.

Sai ka ɗauko mitar auna lantarki. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe, in kuma inji na aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ya haura 15, altanato ne ke ɓarna. Duba fiyus da rile na ƙwaƙwalwar (a Toyota za ka ga an rubuta EFI a murfin akwatin fiyus), kuma da mita za a gwada su, don ido yana ruɗi. Kada ka tsallake wayoyin da ke ɗaure inji da bodi zuwa baƙin kan batir. Noti ɗaya da ya yi tsatsa ko ya saki a nan ya isa ya hana mota tashi.

Bayan haka a sa mata na'urar bincike. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD-II mai baki 16 a ƙasan sitiyari. Rubuta lambobin da suka fito kafin kowa ya goge su. P0601 da P0606 suna nuni ga matsala a cikin ƙwaƙwalwar kanta. U0100 kuwa cewa take sauran na'urorin motar sun daina jin ta, kuma wannan bai tabbatar da mutuwa ba, wayar da ɓera ya ci ma tana jawo shi. A motocin da suka fi sabunta, in an cire batir aka auna tsakanin baki na 6 da na 14 a soket ɗin, ya kamata mita ta nuna wajen om 60.

Gwajin da na fi so a tsaya a kansa shi ne na bolt 5. Ƙwaƙwalwa tana aika wa sansoshi da dama bolt 5, kuma sansa ɗaya da ta haɗe daga ciki tana iya janye wutar duka, mota ta mutu murus. Idan an auna babu bolt 5, a riƙa zare soket ɗin sansoshin ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wadda aka zare wutar ta dawo, ita ce mai laifi, kuma kuɗinta bai kai na birenbos ba ko kusa. Rewayan da bai yi wannan ba ya ce ka tafi kasuwa, ka ce masa, "Malam, a dai ƙara dubawa."

In wuta na shiga, wayoyi lafiya, sansoshi lafiya, amma ƙwaƙwalwar ba ta ba nozul ko kwayil (mai aika wa fulogi wuta) umarni, to yanzu ne za a ciro ta. Shinshina ka ji ko akwai ƙaurin ƙuna, ka duba haƙoran soket ko sun yi kore saboda ruwa.

Kafin ka sayi wata, nemo abin da ya kashe ta, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi ta. Masu kashe ta sanannu ne: haɗa batir a juye wajen ba da wuta, cire kan batir inji na aiki don gwada caji, yin walda batir na haɗe, wanke inji da ruwa mai ƙarfi, kutsawa cikin ruwa da damina, kwayil da ya haɗe, da ɗaura waya a madadin fiyus. Wani lokacin kuma daga masana'anta ne: a 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda wannan na'ura, kuma irinsu sun cika titunanmu.

Wajen saye, lambar da ke jikinta ita ce komai. Na Toyota yawanci suna farawa da 89661, na Honda da 37820, amma sauran lambobin su ma dole su dace, domin mai giyar hannu da otomatik ba ɗaya ba ne, haka ƙirar Amurka da ta Turai. Ko a nan Katsina ka samu ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohuwar ko hoton lambarta, kuma ku yi yarjejeniya a gaban shaida cewa in ba ta yi ba za a karɓa.

Ɗaurawar ba ta da wuya. Zare makulli, cire baƙin kan batir, jira 'yan mintuna. Soket ɗin suna da maƙale, a ɗaga shi a hankali, kada a fizga, don haƙori ɗaya da ya lanƙwashe zai dawo da kai farko. Ɗaure ta da notinta, mayar da soket har su zauna, sannan kan batir.

Idan makullinka mai cif ne (ƙaramar na'urar tsaro da ke cikin makullin), inji zai juya amma ba zai tashi ba sai an haɗa makullin da sabuwar ƙwaƙwalwar ta kwamfuta. Wasu kan ba da shawarar a kashe tsaron makullin gaba ɗaya. Ban goyi bayan haka ba, don ka sauƙaƙa wa ɓarawo ne. Da ta tashi, bar ta a silo, ba esi ba fitilu, har fanka ta kama, sannan ka hau hanyar Daura ka ɗan yi tafiya ka dawo a sake sa na'ura a ga ko wata lamba ta fito.