Yadda Za Ka Kalli Gwajin Harba Rokar Starship Daga Damagaram

Da farko ka duba lokacin da kamfanin SpaceX, mai rokar, ya sanar a shafinsa na intanet, domin daga jihar Texas ta Amurka ake harbawa, kuma agogon Nijar yana gaba da nasu da awa 6 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuwa awa 7 ne. Ka cika wayarka da caji tun akwai wuta, ka tanadi isasshen data, sannan ka buɗe shafin kafin a fara ƙirga daƙiƙoƙi.

Idan rokar ta tashi, ka zuba ido sosai wajen minti na uku, lokacin da ɓangaren ƙasa yake rabuwa da na sama. A Oktoban 2024 hannayen ƙarfe na hasumiyar da ake harba rokar ne suka cafke ɓangaren ƙasan da ya dawo. Idan iska ta yi ƙarfi, ana iya ɗage harbawar zuwa wata rana.