Kurakuran da aka fi yi wajen fassara alamomin tutocin Moro

Duk wanda ya ci karo da hoton tsohuwar tutar Musulmin kudancin Filifin, waɗanda ake kira Moro, hankalinsa kan tafi ne kai tsaye ga takobi da taurarin da ke jikinta. Kafin a tambayi ma'anar alama, sai an san tutar ta waye, kuma ta wane zamani ce.

Moro ba ƙabila ɗaya ba ce, ba su kuma taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Tausug suna da masarautar Sulu mai hedikwata a Jolo. Maguindanao suna da tasu a Mindanao, wadda ta yi tashe a zamanin Sultan Kudarat a ƙarni na 17. Maranao na bakin tafkin Lanao kuwa sarakunansu da yawa ne. Ban da sultan, manyan hakimai da ake kira datu su ma suna da tutocinsu. Yawancin tsofaffin da suka rage ganimar yaƙi ce, irin wadda Sifaniyawa suka kwasa a hare-harensu na 1848 a Balanguingui da 1876 a Jolo, ko Amurkawa a Bud Dajo a 1906 da Bud Bagsak a 1913. Sau da yawa bayanin da ke tare da su daga bakin sojan da ya ɗauko ya fito, ba daga mai tutar ba. Idan ka ga an rubuta "tutar Sultan", nemi wurin da aka ƙwace ta da shekarar tukuna.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne na Zulfiƙari, takobin Sayyidina Ali mai baki biyu. Masu ɗinki kan buɗe bakunan sosai, su ƙawata ƙotar, har baƙon ido ya ɗauka almakashi ne ko mutum a tsaye. Wanda ya gane shi kuma yakan faɗa wani ramin, ya ce ai masu tutar 'yan Shi'a ne. Ba haka ba ne. Moro Ahlus Sunna ne, mabiya mazhabar Shafi'iyya, kuma takobin nan ya daɗe a kan tutocin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da na wasu masarautun tsibiran Indonesiya. Neman nasara da kariya yake nufi.

Sauran makaman ma a daina kiransu takobi kawai. Kalis, wato kris, galibi mai lanƙwasa ne kamar tafiyar maciji. Barong gajere ne mai faɗi, siffar ganye, kuma makamin mutanen Sulu ne. Kampilan dogo ne, an fi saninsa da Maguindanao da Maranao. Siffar makami kaɗai kan nuna maka yankin da tuta ta fito.

Sai shahararriyar jar tutar Sulu mai taurari biyar a cikin shuɗiyar kusurwa. Ana yaɗa ta a intanet kamar ita ce tutar masarautar tun kafuwarta a ƙarni na 15, alhali tsarinta na kusurwa da taurari ya fi kama da zamanin mulkin Amurkawa a Filifin, bayan yarjejeniyar Bates ta 1899 da suka ƙulla da Sultan Jamalul Kiram II na Sulu. Wadda Bafaranshe Pierre Sonnerat ya bayyana a shekarun 1770 fara ce mai baƙin gefe, da zanen ƙofa a tsakiya wadda ya ce ƙofar Makka ce. Su kansu taurarin jar tutar, wasu na cewa shika-shikan Musulunci ne, wasu na cewa yankuna biyar ne na masarautar. Ni a ganina, mai rubutu ya kawo fassarorin biyu tare da masu faɗarsu, kada ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi.

Rubutun da ke jikin tuta ba lallai ne Larabci ba. Kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami, haka ake rubuta Malay da Tausug da haruffan Larabci. Wanda ya san Larabci zai gane ayoyi da kalmar shahada, amma sauran sai mai harshen. Murabba'in da aka cika da lambobi ko haruffa kuwa hatimi ne na tsari, kada a ɓata lokaci ana neman shekara a cikinsa.

Launi na da nasa tarkon. Mu kan haɗa Musulunci da kore, amma a can rawaya ce launin sarauta. Kuma ba kowace tuta ce ta yaƙi ba: sambolayang, doguwar tutar Maranao, a bukukuwan aure da naɗin sarauta ake kafa ta.

Jinjirin wata da tauraro da kris a jere, kamar yadda aka saba gani yau, sun yi ƙarfi ne da MNLF, ƙungiyar fafutukar 'yancin Moro ta Nur Misuari, a shekarun 1970, sannan da tutar 2019 ta Bangsamoro, yankin Moro mai cin gashin kansa, mai kore da fari da ja. Tsinaye bakwai na tauraronta suna wakiltar sassan yankin ne a 2019: larduna biyar da birnin Cotabato da ƙauyuka 63 na Cotabato ta Arewa. A 2024 Kotun Ƙolin Filifin ta cire lardin Sulu daga yankin, saboda mutanensa sun ƙi amincewa a ƙuri'ar raba-gardama ta 2019.