Yadda za ka shirya wa ɗalibanka dibet irin na sakandaren Amurka

Malamai ƴan uwana na Kaduna wallahi abin nan na damuna, duk dibet ɗin da ka je ko Kawo ne ko Tudun Wada salon ɗaya ne, ticha ya rubuta yaro ya haddace, ya fito ya gaida alƙalai da mai duba lokaci ya zuba hadda ya koma ya zauna, ko jin abin da abokin karawarsa ya faɗa bai yi ba. A Amurka makarantu da yawa darasi ne guda ake shiga aji a koya, suna da ƙungiya ta ƙasa tun 1925 wadda yanzu ake kira National Speech and Debate Association. Akwai Lincoln-Douglas na mutum ɗaya da ɗaya, daga muhawarar Abraham Lincoln da Stephen Douglas ta 1858 aka samo sunan, amma ni Public Forum nake ba da shawara, bibbiyu ake yi kuma shi ya fi sauƙin farawa.

Ka ba su maudu'i sati biyu kafin ranar, abin da ya shafe su kamar a bar ɗalibai su zo da waya makaranta ko a hana, kuma kowa ya shirya ɓangarorin biyu duka, nan fa sirrin yake. Su can kwabo suke jefawa, wanda ya ci ya zaɓi ɓangare ko ya zaɓi fara magana ko bi baya, mu da kwabo ya ɓace murfin lemo nake jefawa.

Lokaci kuwa mai buɗewa minti 4, tambayar juna minti 3, raddi minti 4, a sake tambaya, taƙaitawa minti 3, sai su huɗun su yi tambaya tare, rufewa minti 2.

Inda nake so ka fi ba ƙarfi shi ne takarda. Kowane yaro ya kwantar da fallen takarda ya ja layi gida-gida, kowane jawabi da gidansa, biro kala biyu, shuɗi nasa ja na abokan karawa, yana ji yana rubutawa yana jan kibiya daga hujja zuwa amsarta. Hujjar da ba a amsa ba ta zauna kenan. Wata ɗalibata ƴar SS2 da ko gaisuwa da ƙyar kake jin muryarta, ta ɗaga takardarta ta nuna gidan da ba kibiya ta ce malam ba su amsa maganar kuɗin data ba, ajin ya yi tsit, daɗin da na ji ranar Allah kaɗai ya sani.

Kar dai ka bari su kwaikwayi masu maganar sauri da za su gani a YouTube, wannan na wani salon ne. Kai kuma alƙali ka rubuta dalilin hukuncinka a takarda ka miƙa wa kowane ɓangare kafin a tashi.