Yadda Ake Daidaita Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure

Rikicin riƙon 'ya'ya a ƙasar Hausa yakan faro ne daga cakuɗa abubuwa uku waɗanda shari'a ta rarrabe: riƙo, wanda malamai ke kira hadana, da ciyarwa, da kuma walicci, wato ikon yanke shawara a kan al'amuran yaro. Mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda ɗa na ubansa ne, da zarar an yaye shi sai a aiko a ɗauke shi. Wannan al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'ar Musulunci na arewacin Nijeriya ke aiki da ita, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, alhali ciyarwa da tufatarwa da matsuguni suna wuyan uba, walicci ma yana hannunsa.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne tabbatar da sakin kansa. A karɓi takardar saki mai ɗauke da kwanan wata da adadin sakin, a ajiye ta inda ba za ta ɓata ba, domin daga ranar ne ake ƙirga idda: tsarki uku ga mai haila, haihuwa ga mai ciki, wata uku ga wadda ba ta haila. Idan sakin na kome ne, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta, kuma ciyar da ita yana kan mijin har iddar ta cika. Gaggawar da dangi ke yi ta turo mota a kwashe gado da kujeru tun a daren farko tana rufe ƙofar sulhu, tana kuma sa yara su ga an wargaza ɗakin da suka saba kwana a gaban idonsu.

Daga nan sai a nemi zama tun kafin a kai ga alƙali. Waliyyan da suka ɗaura auren su ne farkon waɗanda ya kamata su zauna, idan abin ya gagare su a kai ga limami ko mai unguwa, ko ofishin Hisba a jihohin da take aiki, irin su Kano. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi, shaidu su sa hannu. Kada a tsaya ga “zan riƙa aikowa”. A fayyace nawa ne, ranar nawa ga wata, wa zai biya kuɗin makaranta da na Islamiyya, wa zai ɗauki nauyin asibiti, kuma a gidan wa yaran za su yi Ƙaramar Salla da Babba. Idan akwai jariri a goye kuma an rabu baki ɗaya, uwa tana da damar neman ladan shayarwa, ko da yake kunya kan hana mata da yawa ambatonsa.

Yana da muhimmanci uwa ta san abin da ke zubar da haƙƙinta. Idan ta auri wani wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, riƙon yakan fita daga hannunta, amma ba uban yake komawa kai tsaye ba, kamar yadda maza da yawa suke zato. Kakar yaron ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwar, kafin a gangaro dangin uba. Haka nan ana duba hankali da amana da lafiyar mai riƙon, da kuma ko gidan yana da tsaro, musamman ga 'ya mace da ta fara tasawa. Uba kuma ya sani cewa yanke ciyarwa don a matsa wa uwa ta miƙo yara ba ya ƙara masa hujja a gaban alƙali, sai ma ya rage masa.

In sulhu ya ƙi, sai a shigar da ƙara a kotun Shari'a ta yankin. A je da takardar saki, da takardun haihuwar yara, da rasit na makaranta da na magani, da shaidun da suka ga abin da idonsu. Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da saki da riƙon yara. Sai dai ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka a tambayi rajistara tun ranar da aka yanke hukunci. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman taimakon Legal Aid Council, wato hukumar gwamnati mai samar wa marasa hali lauya, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa tasu shari'ar tana Babbar Kotun jiha, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, inda maslahar yaro ce ke gaba da komai.

Abin da alƙali ba zai iya yanke wa hukunci ba shi ne abin da ake faɗa wa yaro a tsakar gida. Yaron da aka ce wa “je ka ce wa ubanka takalminka ya tsinke” an ɗora masa kayan da ba nasa ba, haka ma wanda ya dawo hutu aka zaunar da shi ana tambayar me amarya ta dafa, wa kuma ke zuwa zance wurin uwarsa. Maganar kuɗi ta tsaya tsakanin manya, ta waya ko ta hannun kawu. A gaya wa yara gaskiya daidai da shekarunsu, cewa rabuwar ba laifinsu ba ce, kuma a lura da alamu irin su komawa fitsarin kwance, ko ƙin cin abinci, ko koma-baya a karatu, a sanar da malaminsu halin da ake ciki. Ranar ziyara kuma a cika ta, ko da iyayen ba sa gaisawa. Idan haɗuwa tana jawo cacar baki, a mayar da gidan kaka wurin kai yara da ɗauko su.