Kayan ado na kwaɓin fulawa da gishiri: inda ake yawan ɓata shi

Toh 'yan uwa, hutun Disamba ya zo yara suna gida, masu Kirsimeti na neman abin ratayewa a jikin bishiya, wasu kuma tauraro da jinjirin wata suke so su ajiye wa Sallah. Kwaɓin nan fulawa ce kawai da gishiri da ruwa, amma mutane da yawa na lalata shi saboda suna yi masa irin yadda ake yi wa cincin ko kek, alhali shi busar da shi ake yi, ba gasawa ba.

Awo dai gwangwanin madara 2 na fulawa, 1 na gishiri, ruwa ƙasa da gwangwani 1. Kar ki juye ruwan lokaci ɗaya, ki riƙa zubawa kaɗan kaɗan, in ya fara manne miki a hannu ki barbaɗa fulawa, in yana farfashewa ki jiƙa tafin hannunki ki ci gaba da murzawa kamar minti 10 har ya yi sumul. Fulawar kuma zalla, babu bakin foda babu yis, don su ne ke sa shi tashi. Gishiri mai tsakuwa irin na buhu ki daka shi ki tankaɗe tukunna, in ba haka ba fuskar abin zai fito da ƙuraje.

Kauri ma matsala ne, ki murza da kwalba ya kai kamar rabin santimita. Wanda ya yi kauri sai waje ya bushe ciki na ɗanye. Ki huda ramin zare da sitiro, wato tsinken shan lemo, tun yana ɗanye fa, in ya bushe kika ce za ki huda da ƙusa tsagewa zai yi.

Babbar ɓarnar a wajen wuta take. Sai mutum ya ƙure obin a digiri 180 don ya gama da wuri, abin ya kumbura ya yi ƙulu ƙulu, gefe ya ƙone, tauraron ya lanƙwashe. Ki sa wuta tsakanin digiri 90 da 120 na Salshiyas (°C), awa 2 zuwa 3, kina juyawa a tsakiya don ƙasan ma ya sha iska. Mai tukunya da yashi ta rage gawayin sosai, ni gaskiya na fi son a shanya a faranti cikin ɗaki kwana 3 zuwa 4 ana juyawa safe da yamma. Kar a kai shi tsakar gida cikin iskar hunturu, saman na saurin bushewa ya tsage ga ƙura kuma. Yadda za ki gane ya yi, ki ƙwanƙwasa bayansa da farce, in ya yi ƙara kwas kwas ya bushe, in kin danna tsakiya ya lotsa ki mayar.

Sai fenti. Yara za su dame ki amma kar a shafa sai ya huce ya bushe sarai, kuma fentin akirilik ya fi kalar ruwa ta 'yan makaranta don ita kalar ruwan jiƙa shi take yi. Bayan nan a shafa banish, wato man ƙyalli da ake shafa wa katako, gaba da baya har cikin ramin zaren, wannan ne ake yawan tsallakewa, gishiri kuwa na jan danshi, damina na sauka sai ki tarar ya yi laushi har da fumfuna. Ajiya a roba mai marfi, a zuba ɗanyar shinkafa kaɗan a ƙasa.

Dan Allah a kula da ƙananan yara don kama yake da biskit, gishirin da ke ciki kuma ya isa ya cutar da yaro ko kare in ya ci. A rataye shi sama inda hannu ba ya kaiwa, in yaro ya ci da yawa ko ya fara amai a wuce asibiti da shi.