Kurakuran da aka fi yi wajen sayen injin sassaƙa haƙori da manhajarsa a Sakkwato

Yawancin masu ɗakin ƙera haƙora kuɗin injin kaɗai suke lissafawa, sai kaya ya iso su tarar ba ya aiki shi kaɗai. Zirkoniya, wato farin abin da ake sassaƙa haƙoran da shi, tana fitowa daga injin da laushi kamar alli, sai an gasa ta a tanderu mai zafin kusan digiri 1,500 kafin ta yi ƙarfi. Ban da tanderun, ana buƙatar sikana mai ɗaukar siffar haƙori zuwa kwamfuta, da na'urar zuƙe ƙura, da kwamfuresa marar mai da ke ba da busasshiyar iska, galibi mai matsin iska bar 6 zuwa 7. A rubuta kuɗin waɗannan duka kafin a yi ciniki.

Wani kuma ya sayi injin busasshen aiki alhali likitocin da ke turo masa aiki e.max suke nema, wato wani nau'in tangaran mai kama da gilashi. Wannan nau'in, da ƙarfen tayitaniyam, sai da ruwa ake sassaƙa su, in ba haka ba gefen hular haƙorin (murfin da ake sa wa haƙori) ya ɓalle ko bakin injin da ke sassaƙar ya ƙone. Zirkoniya da PMMA (wani nau'in roba) da kaki kuwa a bushe ake yi. A duba ayyukan watanni shida da suka wuce, su za su nuna irin injin da ya dace. Mai aksis 4, wato mai motsi ta fuska huɗu, ya isa hula da gajeriyar gada (haƙoran da aka haɗa don cike giɓi); aikin dashen haƙori yana son mai aksis 5.

Wajen manhaja ne aka fi shan wuya. Akwai ta zane, irin su exocad da 3Shape, akwai kuma wadda ke jera aikin a kan faifan da za a sassaƙa ta ba injin umarni, kuma kowacce da lasisinta. A tambayi dillali a rubuce: lasisin na dindindin ne ko na shekara-shekara, da yuro ko da naira? Injin yana karɓar fayil ɗin zane nau'in STL da faifai mai milimita 98 na kowane kamfani? In amsar a'a ce, an ɗaure ka ga mai sayarwa guda. Manhajar sata kuwa a guje ta, ranar da ta tsaya ba wanda za ka kira.

Kowane faifan zirkoniya yana ɗauke da lambar tsukewarsa, domin yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100 a wuta. In aka shigar da lambar wani faifan, hular ba za ta zauna ba, a riƙa zargin injin a banza.

Sannan garin kansa. A bazara zafi kan haura digiri 40, a hunturu ƙura na shiga ko'ina, tana toshe matatar iska tana cinye sandar da ke juya baki. Ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya iska dole ne. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar sassaƙa, baki mai milimita 0.6 kan karye, aikin ya lalace, don haka a sa UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, tsakanin injin da janareta. A kuma tabbatar injin na wuta 230 ne, ba na 110 irin na Amurka ba, sannan a san daga ina mai gyara zai taso, kwana nawa zai yi kafin ya iso Sakkwato.